Fayil na takarda ko na kwamfuta: wanne ya fi kare majinyaci?

Asibitoci da yawa, na gwamnati da na kuɗi, suna tsaye a kan shawara ɗaya: a ci gaba da fayil ɗin takarda da ake ɗauko wa majinyaci daga ɗakin kati, ko a mayar da bayanansa cikin kwamfuta. Masu tallar manhaja kan zo da alkawari uku. Layi zai ragu, kuɗin asibiti zai daina zurarewa, kuma kuskuren da ke cutar da marasa lafiya zai yi sauƙi. Na farko da na biyu lissafi ne da kowane shugaban asibiti zai iya zama ya yi da akantansa. Na ukun ne ya fi damuna, domin rai ne a ciki, kuma shi aka fi faɗa da ƙarfin murya alhali binciken da aka tara a kansa tun ƙarshen shekarun 1990 bai fito da amsa guda ɗaya ba.

Galibin wannan bincike a Amurka aka yi shi, sai Ostareliya da Birtaniya, sai kaɗan a Kenya da Malawi. Sakamakon asibitin da ba ya fargabar ɗaukewar wuta ba zai hau kanmu kai tsaye ba. Amma hanyoyin da kuskure ke bi har ya isa jikin majinyaci kusan iri ɗaya ne a ko'ina, don haka akwai abin ɗauka, in dai an karanta shi da ido biyu.

Abin da takarda ke yi, da abin da take ɓoyewa

Kada a raina takarda. Ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar horo mai tsawo, kuma idan aka shigo da mai naƙuda tana zubar da jini, likita zai fara aiki ya yi rubutu daga baya. Katin awo da katin rigakafin yara da uwa ke riƙewa a jakarta sun yi aikin da har yau manhajoji da yawa ba su iya ba, wato bin majinyaci daga wannan asibiti zuwa wancan.

Laifinta kuwa sananne ne. Rubutun da mai ba da magani ke juyawa sama da ƙasa kafin ya gane. Fayil ɗin da aka nema aka rasa, aka buɗe sabo, tarihin shekara biyar na mai sikila ko mai hawan jini ya tafi ke nan. Sakamakon gwajin da ya fito amma ya kwana a aljihun ɗan'uwan mara lafiya. Bayanin cewa jikin wane ba ya karɓar wani magani, an rubuta shi a shafi na uku, wanda ke duba shi yau yana shafi na arba'in.

Babban laifinta dai shi ne ba a iya ƙirga kurakuranta cikin sauƙi. A 2012 aka wallafa wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallafa wa, wanda ya bi fayil fiye da 15,000 a asibitoci 26 na ƙasashe takwas: Masar, Jodan, Kenya, Maroko, Tunisiya, Sudan, Afirka ta Kudu da Yaman. A kashi 8.2 cikin 100 na fayilolin an ga shaidar cewa jinyar kanta ta cutar da majinyacin. Masu binciken suka ce kashi 83 cikin 100 na waɗannan ana iya kauce musu, kuma kusan kashi 30 cikin 100 sun zo tare da mutuwa. Wannan fa abin da aka iya gani ne a fayilolin da aka samu kuma aka iya karantawa. Asibitin da ya ce shi ba ya kuskure domin bai taɓa ganin rahoton kuskure ba, sau da yawa ba shi da abin gani ne kawai.

Inda kwamfuta ta nuna amfaninta

Hujja mafi ƙarfi tana wajen magani. A 1998 David Bates da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a asibitin Brigham and Women's da ke Boston ta Amurka bayan likitoci sun koma rubuta magani a kwamfuta: manyan kurakuran magani da ba a tare su a hanya ba sun ragu da kashi 55 cikin 100. A 2010 aka wallafa sakamakon auna wani mataki a wannan asibiti, inda nas ke haska lambar nan mai layi-layi da ke jikin maganin da wadda ke ɗaure a hannun majinyaci kafin ta ba shi. Kurakuran bayarwa, ban da na saɓa lokaci, suka sauko daga kashi 11.5 zuwa 6.8 cikin 100. A Sydney ta Ostareliya, binciken Johanna Westbrook na 2012 a asibitocin koyarwa biyu ya ga kurakuran rubuta magani sun ragu da fiye da rabi a ɗakunan da aka sa kwamfuta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfuta ba ta da mummunan rubutu. Ba za ta bari a tura magani ba a faɗi adadinsa da sau nawa za a sha ba. In an tsara ta da kyau, za ta lissafa adadin yaro bisa nauyinsa, ta kuma tuna cewa ƙodar wannan dattijo ta yi rauni.

Sai dai akwai abin lura a binciken na Sydney. Mafi yawan raguwar ta zo ne daga kurakuran tsari, irin rubutun da bai fito ba ko umarnin da bai cika ba. Kurakuran hukuncin likita, wato zaɓen maganin da bai dace ba, ba su ragu haka ba. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na kurakuran da suka rage, manhajar ce da kanta ta buɗe musu ƙofa. Duk mai karanta irin waɗannan alƙaluma ya riƙa tambaya: me aka ƙirga? Raguwar kuskure daban, raguwar cutuwa daban, raguwar mutuwa kuma daban. A kan na farko hujja ta yi yawa, a kan na biyu da sauƙi, a kan na uku kuwa ta yi ƙaranci. Mai talla yakan ɗauko lambar na farko ya yi magana kamar ta ukun ce.

Binciken da ya fi kusa da yanayinmu an yi shi ne a Eldoret ta Kenya, a shirin kula da yara masu ɗauke da cutar ƙanjamau, aka wallafa a 2013. Kwamfuta na duba bayanan yaro ta gano abin da lokacinsa ya wuce ba a yi ba, ko gwaji ne ko fara magani, sai ta buga tunatarwa a takarda a maƙala a gaban fayil ɗinsa. Inda ake buga tunatarwar an cika kashi 68 cikin 100 na ayyukan da suka makara, inda ba a bugawa kashi 18 kacal. Ba a ajiye kwamfuta a gaban kowane likita ba kafin a samu wannan. Kwamfutar tana baya tana lissafi, takarda ce ke isar da saƙo.

Manhaja ɗaya, asibiti biyu

Duk wanda zai sa hannu a kwangilar manhajar asibiti ya kamata ya san labarin birnin Pittsburgh na Amurka. A Oktoban 2002 asibitin yara na wannan birni ya koma rubuta umarnin likita a kwamfuta, ya kuma yi sauyin a dukan asibitin cikin kwana shida. Daga baya wasu likitocin asibitin suka bi sawun yaran da ake kawowa a mawuyacin hali daga wasu asibitoci. A watanni 13 kafin sauyin, kashi 2.80 cikin 100 na irin waɗannan yara ne suka rasu. A watanni biyar bayansa, kashi 6.57. An wallafa wannan a 2005, ya kuma girgiza masu harkar.

Masu binciken sun bayyana abin da ya canja a ƙasa. Da can, tun motar ɗaukar yaro tana hanya likita ke rubuta magungunan da za a bukata, a tanade su kafin ya iso. Sabon tsarin bai yarda a rubuta komai ba sai yaron ya iso an yi masa rajista a kwamfuta. Magungunan gaggawa da ke ajiye a ɗakin kulawa ta musamman an kwashe su an mayar babban ɗakin magani. Umarnin da ake rubutawa da biro cikin daƙiƙoƙi ya koma cin minti ɗaya zuwa biyu a kwamfuta, har ta kai sai an ware likita na biyu yana zaune gaban allo yana shigar da umarni yayin da ɗan'uwansa ke kan yaron. Nas ɗin da ta saba tsayawa a bakin gado tana jin abin da likita ke faɗa, ita ma allo ya janye ta.

An soki binciken, kuma sukar tana da tushe: kwatanta kafin da bayan ba ya tabbatar da cewa sauyin ne ya kashe yaran, kuma wani nazari a wannan asibitin ya ga illar magunguna ta ragu. Amma abin da ya biyo baya ya fi sukar muhimmanci. Asibitin yara na Seattle ya sayi manhajar kamfani ɗaya da na Pittsburgh. Ma'aikatansa sun koyi darasi daga abin da ya faru a can, suka sa likitocin ɗakin kulawa ta musamman cikin tsara aikin, suka shirya jerin umarni na cututtukan gaggawa tun kafin ranar farawa yadda dannawa kaɗan za ta wadatar, suka kuma bar hanyar fara jinya ba tare da jiran cikakkiyar rajista ba. Da suka auna, aka wallafa a 2006, mutuwa ba ta ƙaru ba.

Ni a wurina wannan ne zuciyar maganar. Abin da ya raba asibitocin biyu shi ne ko an tambayi masu tsayawa a bakin gado kafin a canja musu tsarin aiki. Kuma darasin ya fi shafar mu fiye da su. A asibitocinmu da dama, abin da ke fara jawo kwamfuta shi ne toshe ɓarakar kuɗi, shi ya sa ake ɗaure komai da rasit: ɗakin magani ba zai saki magani ba sai allo ya nuna an biya, ɗakin gwaji ba zai karɓi jini ba sai lamba ta fito. A layin masu zazzaɓi wannan ba laifi. A ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa kuwa, shi ne kuskuren Pittsburgh da sabon salo. Da takarda, nas mai tausayi tana iya miƙa allurar tsayar da jini ta ce a biya daga baya. Manhajar da ba a gina mata wannan ƙofa ba ba ta san tausayi ba.

Kurakuran da takarda ba ta san su ba

A shekarar 2005 ɗin dai, Ross Koppel ya lissafa hanyoyi 22 da tsarin kwamfutar wani asibitin koyarwa a jihar Pennsylvania ke sauƙaƙa kuskuren magani, irin su rarraba magungunan mutum ɗaya a shafuka masu yawa yadda likita ba ya ganinsu gaba ɗaya. Wani lamari da ya faru a 2013 a asibitin Jami'ar California da ke San Francisco ya nuna yadda irin wannan ke kai wa ga jiki. Wani yaro ɗan shekara 16 yana shan ƙwaya ɗaya ta maganin da muka sani da Septrin. Likita ta shigar da 160, tana nufin miligiram 160 gaba ɗaya, alhali allon yana kan lissafin miligiram a kowane kilo na nauyin jiki. Kwamfuta ta ninka da nauyin yaron, ya zama ƙwaya 38 da rabi. Gargaɗi ya fito wa likitar, ta wuce shi. Ya fito wa mai harhaɗa magani, shi ma ya wuce shi. Na'ura ta ƙirga ƙwayoyin ta ɗaure. Nas ta yi mamakin yawansu, amma da ta haska lambar, allo ya tabbatar mata haka umarnin yake. Yaron ya shanye, ya yi jijjiga, aka garzaya da shi ɗakin kulawa ta musamman, Allah ya yi da sauran kwanansa. A tsarin takarda, da wuya mai ba da magani ya ƙirga ƙwaya 38 da hannunsa ya zuba a leda bai tsaya ya tambaya ba.

Me ya sa ƙwararru biyu suka wuce gargaɗi? Domin gargaɗin ya yi yawa, kamar hon a tashar mota, tun ana waiwayawa har kunne ya saba. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike daban-daban ya ga likitoci na wuce tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magani da kwamfuta ke nuna musu, kuma sau da yawa suna da gaskiya, domin akasarinsa ba shi da amfani a kan majinyacin da ke gabansu. Don haka idan mai talla ya ce manhajarsa tana da gargaɗi dubu kaza, wannan abin tsoro ne. A ɗaya gefen kuma, gargaɗin da ake bukata ba kullum yake fitowa ba. A Amurka ana gwada asibitoci ta hanyar shigar da majinyata na ƙarya da magungunan da aka san za su cutar da su. A 2009 manhajojin sun kama kusan kashi 54 cikin 100 na tarkon, a 2018 kusan kashi 66. Bayan shekara goma ana gyara, kusan ɗaya cikin uku na wucewa.

Akwai kuma rubuta wa wani maganin wani. Jason Adelman ya ƙirƙiro hanyar auna wannan a asibitocin Montefiore na New York: a nemo inda likita ya rubuta umarni, ya soke shi cikin minti goma, ya sake rubuta shi ga wani majinyaci daban. Ya ƙiyasta sama da 5,000 a shekarar 2009 kaɗai. Da aka tilasta wa likita sake shigar da wasu alamomin majinyacin kafin ya rubuta, abin ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Yanzu a auna wannan da garuruwanmu. A'isha Muhammad nawa ce a rajistar babban asibiti ɗaya? Mutum nawa aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa domin ba su san ranar ba? Manhajar da aka gina a kan cewa suna da ranar haihuwa sun isa su bambanta mutane, a nan za ta haɗa fayil biyu ko ta raba fayil ɗaya. Lambar asibiti guda da ba ta canjawa, haɗe da unguwa da lambar waya da hoto inda majinyaci ya yarda, ita ce tubalin farko.

Mafi ban tsoro shi ne kuskuren da ba ya ƙara. A asibitin tsofaffin sojoji da ke Spokane a jihar Washington, sabuwar manhajar da aka fara a Oktoban 2020 ta riƙa tura umarnin da ba ta gane inda za ta kai shi ba zuwa wani layi da babu mai dubawa, ba tare da sanar da likitan ba. Mai binciken ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ya gano umarni fiye da 11,000 sun maƙale a can, kuma an lissafa cutuwa 149. Kowane likita yana zaton saƙonsa ya isa.

Sai cin lokaci. Wani bincike na 2016 da ya bi likitoci 57 a Amurka ya ga duk awa ɗaya da suka yi da majinyaci, suna yin kusan biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Likitan da layi ya kai masa bakin ƙofa zai nemi gajeriyar hanya, ko ya kwafo bayanin jiya ya manna a na yau, ko ya bar allonsa a buɗe kowa ya yi aiki da sunansa.

Ranar da allo ya mutu

A Mayun 2017 manhajar masu garkuwa da bayanai da ake kira WannaCry ta shiga kwamfutocin hukumar lafiya ta Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Mu ba sai ɗan kutse ya zo ba. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewacin Najeriya sun yi fiye da mako guda babu wutar gwamnati bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Fayil ɗin takarda in ya ɓace na mutum ɗaya ne. Uwar kwamfuta in ta mutu, na kowa ya tafi a lokaci guda.

Malawi ta nuna cewa ana iya gina tsari da wannan a rai. Tun 2001 aka fara a babban asibitin Kamuzu da ke Lilongwe da ƙananan alluna da ake taɓawa da yatsa, marasa cin wuta, suna aiki da manyan batura, kuma a kan layin cikin gida wanda bai dogara da intanet ba. Bayan an ga majinyaci, na'ura na buga ɗan taƙaitaccen bayani a manna a littafin lafiyar da yake tafiya da shi gida. Ko tsarin ya tsaya, bayanin yana hannun mai shi.

To, wace hanya za a bi?

Zaɓin a gaskiya uku ne: a zauna a kan takarda a gyara ta, a sauya komai rana ɗaya, ko a sauya mataki-mataki.

Ƙaramin asibitin da ba shi da tabbacin wuta dare da rana, ba shi kuma da ma'aikacin kwamfuta nasa na kansa da za a iya tasa da tsakar dare, shawarata ya zauna a kan takarda tukuna, kuma ba abin kunya ba ne. Ya buga takardar magani mai gurabe da dole a cike, ya sa a rubuta sunan magani da manyan baƙaƙe, ya manna jan tambari a bangon fayil ɗin wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani, ya rubuta nauyin kowane yaro a saman takardar maganinsa, ya buɗe littafin da ke nuna jinin wa aka kai gwaji da ranar da sakamako ya dawo hannun likita. Wani ɓangare mai kauri na ribar da aka gani a Sydney, ta cikar umarni da fitowar rubutu, ana iya kusantarsa da wannan. Idan akwai kwamfuta ɗaya da sola, a ajiye ta a ɗakin kati ta riƙe rajista, ta kuma riƙa fitar da sunayen masu awo da masu hawan jinin da ba su dawo ba.

Sauya komai rana ɗaya yana da fa'ida guda ta gaske: babu zaman rabi a takarda rabi a kwamfuta. Amma yana bukatar abin da ƙalilan ne ke da shi, wato kuɗin horar da kowa kafin ranar, rage yawan majinyata na wasu makonni, da ƙarin ma'aikata a kowane ɗaki dare da rana. Amurka ta zuba biliyoyin daloli bayan dokar 2009 da ta tallafa wa asibitoci su koma kwamfuta, asibitocinta masu irin wannan tsari suka tashi daga kashi 9 cikin 100 a 2008 zuwa kashi 96 a 2017. Duk da haka, binciken da aka wallafa a 2018 a kan bayanan 2008 zuwa 2013 ya nuna cewa da farko ba a ga ragin mutuwa ba, har ma an ga ɗan ƙari, sai da tsarin ya nuna a hankali sannan ribar ta bayyana. Wato lokacin sauyi shi ne lokacin haɗari, ko ga mai kuɗi. Sauri ya haifi nawa.

Ga babban asibiti ko asibitin koyarwa, ni mataki-mataki nake goyon baya, da sharaɗi ɗaya mai tsauri. A raba matakan bisa nau'in bayani, kada a raba su bisa ɗaki. A fara da rajista da lambar majinyaci a dukan asibitin. Sai sakamakon gwaji. Sai ɗakin magani da rubuta magani ga masu zuwa su koma gida. Sai ɗakunan kwanciya. Ɗakin gaggawa da na kulawa ta musamman su zo a ƙarshe, bayan hannu ya faɗa. A kowane mataki, kowane nau'in bayani ya kasance gidansa ɗaya tak, kuma kowa ya san gidan. Idan maganin majinyaci yana rubuce a allo kuma yana rubuce a takardar da ke gindin gado, wata rana likita zai tsayar da shi a ɗaya, nas ta ci gaba da bayarwa daga ɗayar. Wannan zaman biyu-biyu ya fi takarda zalla haɗari, kuma nan ne asibitoci da yawa ke maƙalewa shekara da shekaru idan kuɗin aikin ya ƙare a tsakiya.

Batun a sayi manhajar kamfani ko a ɗauki wadda aka saki kyauta bai kai wannan nauyi ba. OpenMRS, wadda aka fara a 2004 don asibitoci irin na Eldoret, an riga an san ta a Najeriya, domin a kanta aka gina ɗaya daga cikin manhajojin da cibiyoyin kula da masu cutar ƙanjamau ke amfani da su. Ba a biyan lasisi, amma dole a biya mutanen da za su girka ta su kuma riƙa kula da ita. Ta kamfani tana zuwa da wanda za a kira, muddin kamfanin yana raye kuma ana biyansa. Kada kuma a ruɗe da DHIS2 da ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar da Gana ke tattara alƙaluman wata-wata da ita. Babban aikinta ƙididdiga ne, ba ita za ta hana a ba yaro adadin babba ba.

Kowace aka zaɓa, kafin a sa hannu a sa mai sayarwa ya zauna gaban likita da nas da mai harhaɗa magani na asibitin, a yi masa irin gwajin da ake yi a Amurka. A ƙirƙiri jariri mai kilo uku a rubuta masa adadin babba. A ƙirƙiri mai juna biyu a rubuta mata maganin da aka hana masu ciki. A shigar da mata biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. A kawo wanda aka tsinta a hatsarin mota, ba suna ba kuɗi, a ga ko za a iya fitar masa da jini da magani cikin minti biyu. A zare wayar intanet ana tsakiyar aiki. A tura gwaji zuwa sashen da babu shi, a ga ko manhajar za ta sanar da likitan ko za ta haɗiye shiru.

A cikin kwangilar kuma a rubuta ƙarara cewa bayanan na asibiti ne da majinyatansa, za a iya kwashe su gaba ɗaya a kowane lokaci cikin sigar da wata manhaja za ta karanta, ko da an yi rigimar kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun ɗora wa asibiti a Najeriya nauyin sirrin majinyaci, don haka kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, kuma manhajar ta riƙa ajiye tarihin wanda ya buɗe fayil ɗin wa. A garin da kowa ya san kowa, sakamakon gwajin ƙanjamau ko na ciki da ya fita ta hannun mai leƙe yana iya kashe aure. A tanadi takardun ko-ta-kwana a kowane ɗaki, a riƙa buga jerin magungunan waɗanda ke kwance kowace safiya, a kuma gwada aiki da su da gangan lokaci-lokaci. Sannan wata uku kafin ranar farawa, a sa mai harhaɗa magani ya fara ƙirga takardun maganin da ya mayar don gyara, a ƙirga sakamakon gwajin da bai isa ga likita ba, a auna mintocin da ake ɗauka daga isowar mai gaggawa zuwa allurar farko, domin a samu abin da za a gwada da shi wata uku da wata shida bayan an kunna kwamfutar.